Jawabi a kan Mallakar Bindiga: Hakki Ne ko Izni?

Jama'a, sau da yawa akan ji ana cewa a Amurka kowa yana da ikon ajiye bindiga a gidansa, don me za a hana talakan Nijeriya? Tambayar tana da nauyi, musamman ga mutanen karkara waɗanda 'yan fashi suka hana su barci. Saboda haka ya kamata a san asalin wannan magana.

A shekarar 1791 ne aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na biyu, wanda ya tabbatar wa jama'a hakkin mallakar makamai. A lokacin nan ba a daɗe da gama yaƙi da Ingila ba, kuma mutanen gari ne suka ɗauki bindigoginsu suka taimaka aka kori Turawan mulki. Daga baya sai gardama ta tashi: shin hakkin na rundunar sa-kai ne, ko kuwa na kowane mutum shi kaɗai? Ba a yanke wannan ba sai a 2008, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ce mutum yana da hakkin ajiye bindiga a gida domin kare kansa.

Masu goyon baya suna cewa ɗan fashi ba ya neman lasin, watau doka mutumin kirki kaɗai take ɗaurewa. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma masu suka suna da abin nuni mai tayar da hankali. A 2021 mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta hanyar harbi a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. A 2012, a makarantar Sandy Hook, wani saurayi ya harbe yara ƙanana 20 da manya 6. Bindigar da aka saya don ɓarawo, sau da yawa a cikin gida take yin ɓarna, ranar fushi ko ranar baƙin ciki.

To, a Nijeriya tsarin mulki bai ba kowa irin wannan hakki ba. Izni ne ake bayarwa, bisa ga Dokar Bindigogi ta 1959. Bindigogin yaƙi, irin masu sarrafa kansu, haramun ne sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsaye da makamantanta sai da lasin daga Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Har bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, doka ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon ba da lasin ɗinta. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mashayi.

Gardamar ta iso nan ma. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta shawarci mutanenta su nemi bindigogi don kare kansu daga 'yan bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon umurtar 'yan sanda su ba da lasin. Wanda duk aka kama da haramtacciyar bindiga, hukuncinsa ɗauri ne wanda bai gaza shekara 10 ba.