Haruffa Masu Ƙugiya a Kan Baƙin Allon Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin da ya sa ɗalibi a Samaru zai rubuta manhaja, ya umarce ta ta nuna kalmar "ƙasa" a baƙin allon nan da ake ba na'ura umarni, amma sai "?asa" ko "Æ™asa" ta fito. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙaramin abu ne, alhali kuwa wanda ya san tazarar da ke tsakanin "fada" da "faɗa", ko "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa", ya san ƙugiyar nan ma'ana take ɗauke da ita. Sunaye irin su Ɗanladi da Maƙarfi da Ƙanƙara kuwa, in sun gurɓata a rajista, gyaransu sai an sha wuya.

Asalin Matsalar

Tun kafin zuwan kwamfuta rubutun boko yake fama da waɗannan sautuka. A ƙa'idojin da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, da ƙarin alama aka bambanta su. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma alama ya sa musu. A shekarun 1930 ne, lokacin da Dokta R. M. East ke jagorancin Hukumar Talifi a nan Zariya, siffofin ɓ da ɗ da ƙ suka sami gindin zama, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su ko'ina. Jamhuriyar Nijar ta ƙara da ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Maɗaba'a ta iya tanadar haruffanta na dalma, amma tafireta da aka ƙera domin Ingilishi ba ta san su ba. Shi ya sa masu buga takardu a ofisoshi da shagunan Sabon Gari suka saba buga b da d da k, daga baya a bi su da alƙalami ana lanƙwasa musu kai. Duk wanda ya duba tsofaffin kundayen digiri na Hausa a wannan jami'a, wadda aka kafa a 1962, zai ga sawun wannan aiki. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta gaji wannan giɓi, ta kuma hana a cike shi da alƙalami.

Yadda Na'ura Ke Riƙe Harafi

Lalle ne a fahimci cewa na'ura lamba kawai take ajiyewa, sai an ba ta jadawali mai cewa lamba kaza harafi kaza ce. Jadawalin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 gare shi, kuma haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomi sun cinye su. Da aka faɗaɗa gurabe zuwa 256, kowane yanki ya cika ragowar da abin da yake bukata. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da jadawali mai lamba 437, wanda ya ƙunshi wasu wasulan Turai da layukan zana akwati. Jadawalin ISO 8859-1 na 1987 ya wadatar da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. A cikinsu babu wanda ya ba ƙ ko ɗ gurbi. An tsara ISO 6438 a 1983 domin harsunan Afirka, amma bai wuce aikin ɗakunan karatu sosai ba.

Mafita ta zo da tsarin Unicode a 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa shi kaɗai: ƙ ta sami 409, ɓ ta sami 595, ɗ ta sami 599. Tun da yake bayit ɗaya ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255, sai a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ke rubuta irin waɗannan haruffa da bayit biyu. A wannan hanya ƙ takan zama 198 da 153.

Alamomin Cuta Guda Uku

Kafin harafi ya bayyana yakan bi ta hannu uku: manhajar da ta aiko shi, da allon da ya fassara lambar, da zubin haruffan da ya zana siffar. Kowanne in ya gaza, da irin alamarsa.

Na farko, in an ga tarkacen haruffa, to manhaja da allo ne suka saɓa wajen jadawali. Manhaja ta aiko 198 da 153 tana nufin harafi ɗaya, allo ya karanta su a matsayin haruffa biyu. In da jadawali 1252 na Windows ya karanta, "Æ™asa" za a gani. In da 437 ne, "╞Öasa". A nan ba a yi asarar kome ba, domin lambobin suna nan daidai. Magani shi ne a daidaita ɓangarorin biyu: a Windows a ba allo umarnin chcp 65001, ko manhajar C ta kira SetConsoleOutputCP da lamba 65001 tun daga farko, a Linux a tabbata saitin harshe na UTF-8 ne. Haka nan a ajiye rubutun manhajar kansa da UTF-8.

Na biyu, in alamar tambaya ta maye gurbin harafi, to an tilasta shi ne cikin jadawalin da ba shi da gurbinsa. Wannan ya fi muni, domin in an ajiye sakamakon a haka, ba wanda zai iya gane ko ƙ ce ko ɗ ce aka shafe, sai an koma ga takardar asali. Ma'aikacin da ke kula da sunayen ɗalibai ya kiyayi wannan ƙwarai.

Na uku, in ƙaramin akwati fanko ya bayyana, to lamba ta iso lafiya, an kuma fassara ta daidai, zubin haruffan ne ba shi da siffar. Sai a sauya shi da wanda ya tanadi haruffan Afirka, kamar na gidan Noto da kamfanin Google ya fitar.

Masanin harshe yana da ƙarin damuwa. Ƙamus ɗin Paul Newman na 2007, alal misali, yana nuna tsawon wasali da karin sauti. Dogon "a" mai karin ƙasa ba shi da lamba guda a Unicode; sai an haɗa ā da wata alama mai hawa kanta. Baƙin allo kuwa gida-gida yake, kowane harafi da gidansa, saboda haka tsofaffin alluna sukan ture alamar gefe ko su ɓoye ta.

Kammalawa

Kayan aiki sun inganta. Tun daga Python 3.6 na 2016 harshen ke miƙa haruffan Unicode kai tsaye ga allon Windows, kuma Windows Terminal na 2020 ya rage wahalar nuna su. Abin da ya saura na tarbiyya ne. Ya kamata malamin da ke koyar da rubuta manhaja, a Cibiyar Iya Abubakar ko a sashen kimiyyar kwamfuta, ya sa ɗalibi ya gwada aikinsa da "Ɗan ƙauye ya ɓata" tun a makon farko. Ya kamata kuma masu koyar da Hausa su daina karɓar kundin da aka share wa ƙugiya bisa hujjar cewa na'ura ba ta iyawa, domin tun 1991 hujjar ta faɗi. Masu shagunan buga takardu na Samaru da Sabon Gari, waɗanda yawancin rubutun ɗalibai ke bi ta hannunsu, horon yini guda ya ishe su gane alamomin nan uku da maganin kowacce.