Bindigar Gwada Ƙasa: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Iku, Suleja

 

An nemi in yi bayani a kan na'urar nan da masu neman ma'adinai ke yawo da ita, wadda yaranmu ke kira bindiga saboda siffarta. Sunanta XRF. Dalilin maganar kuwa shi ne, matasanmu da yawa sun kama hanyar Shiroro da Rafi wajen haƙar gwal, wasu daga cikinmu kuma suna zuba jari a ramukan da ba su taɓa gani ba, don kawai an nuna musu lambobi a fuskar na'ura.

Ga yadda take aiki. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa ko dutse, sai ta harba haske irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti. Kowane ma'adini yana mayar da nasa hasken daban, kamar yadda kowane mutum ke da muryarsa. Cikin minti ɗaya ko biyu sai ta rubuta: ga ƙarfe kaza, ga dalma kaza, ga tagulla, ga kuza. Lissafinta kashi ne cikin miliyan, wato giram nawa ke cikin tan ɗaya na ƙasa.

To, jama'a, a nan ne ake cin kuɗin mutane. Na'urar tana da iyaka uku.

Na farko, fatar sama kawai take gani. Haskenta ba ya shiga ƙasa ko da tsawon gaɓar yatsa. Duk wanda ya tsaya a gona ya ce maka bindigarsa ta hango gwal ƙafa talatin a ƙasa, ka riƙe aljihunka.

Na biyu, ba ta ƙware a gwal ɗin cikin ƙasa ba. Kamfani na iya cin riba da dutsen da ke da giram 2 kacal a tan, wannan kuwa ya yi wa na'urar ƙanƙanta, kuma tana iya rikita gwal da wasu ma'adinai kamar zink. Abin da masana ke yi shi ne neman abokan tafiyar gwal, irin su asanik da tagulla da dalma. Sukan ɗebi ƙasa layi-layi, su busar, su tankaɗe, su gwada, su zana taswira. Inda lambobi suka hau, sai su aika samfur ɗakin gwaji a narka a tabbatar. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ma tana rage lamba.

Na uku, ba ta ganin litiyam ko kaɗan, dutsen nan da ake rububinsa a Nasarawa. Wanda ya nuna maka lambar litiyam da ita, ka san da lauje cikin naɗi.

Mu da muka yi karatun fiƙihu mun san an hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Sayen buhun dutse a kan gwaji ɗaya na ɓangaren da mai kaya ya zaɓa da hannunsa, ai sayen kifi ne a ruwa. Ka ce a daka, a gauraya, a gwada sau uku a gabanka.

Amma akwai abin da take gani sarai, shi ne dalma, kuma wannan ya fi gwal muhimmanci a gare mu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana daka dutsen gwal mai dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya zo jiharmu: yara 28 suka rasu a yankin Shikira da Kawo na ƙaramar hukumar Rafi. Da irin wannan na'ura ma'aikata suka bi ƙauyukan Zamfara gida-gida. Ma'aunin da aka yi aiki da shi shi ne kada ƙasar da yara ke wasa ta wuce kashi 400 cikin miliyan, amma an samu wuraren da suka haura 100,000. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, sannan likitocin MSF suka ba yara magani.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kada a shigo da dutsen rami cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, kada a kai shi injin niƙan hatsi. Wanda ya dawo daga haƙa ya yi wanka, ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro. Wanda zai sa kuɗinsa kuma ya fara neman ganin lasisi daga Ofishin Rajistar Ma'adinai da ke Abuja, domin dokar 2007 ta sa ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, izinin mai gona kaɗai bai wadatar ba. Ita na'urar kuma kada a saita ta ga jikin mutum, haskenta na da lahani.

Shawarata ga shugabanni ita ce, ƙungiya ta rubuta wa hukumomin lafiya da muhalli na jiha, a zo a gwada tsakar gidajen da aka taɓa daka dutse a cikinsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya sa albarka a neman halal. Wassalamu alaikum.