Abin da Muke Zubawa a Gona da Buhun Wake

Karatu: Farawa 2:15; Amos 8:4-6

Yau zancen gona za mu yi, gama yawancinmu, ko a Filato muke, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa da Taraba, fartanya ce ta raine mu.

A Farawa 2:15 mun ga Allah ya sa Adamu cikin gonar Aidan, ya danƙa masa aiki biyu, wato noman gonar da kuma tsaronta. Ku lura, tun kafin zunubi ya shigo duniya aka ba shi wannan aiki. Na farkon mun iya shi sosai. Na biyun ne muke so mu duba.

Babu manomin da sai an gaya masa damina ta canja. Ruwa yakan makara, ko ya fara sai ya ɗauke bayan shuka ta tsiro, ko kuwa ya sauko gaba ɗaya kamar a 2022, lokacin da ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a ƙasar nan, ta shafe gonaki a Binuwai da Kogi da sauran wurare. Masana sun ce hayaƙin man fetur da gas da kwal da ake ƙonawa ne ke ƙara wa duniya zafi, kuma da yawa cikin ƙwari sun fi saurin hayayyafa cikin zafi. Ga kuma baƙin ƙwari. A 2016 aka fara ganin tsutsar masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, a shekarar nan kuma wata tsutsa ta cinye tumatir har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. Samari sun tafi birni, gayya ta ragu. To, gwauruwar da ke da gona ba mai taya ta noma, in ta sayi maganin ciyawa, wa zai ga laifinta?

A nan gardama take. Waɗansu sun ce a hana waɗannan magunguna duka, domin suna kashe ƙudan zuma da kifi, suna ɓata ruwa. Waɗansu sun ce in aka hana, yunwa za ta kashe mu kafin guba. Masu magana ta biyu suna nuna ƙasar Siri Lanka, wadda a 2021 ta hana shigo da takin zamani da magungunan gona dare ɗaya. Amfanin shinkafa ya faɗi, gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Gaskiya ne, ba a raba manomi da abin da ya dogara a kai ba tare da an ba shi wani ba. Amma magani ba duka ɗaya ba ne. Ga paraquat, maganin ciyawa mai ƙone ganye nan da nan. Kurɓi ɗaya na iya kashe mutum, ba shi kuma da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, inda manomi ke da safar hannu da abin rufe hanci, amma aka yi shekaru ana sayar wa namu manomi da ke feshi da silifas. A 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da shirin janye shi daga kasuwa, tare da atrazine da chlorpyrifos. A ganinmu an makara, amma gara haka.

Sai dai doka tana Abuja, buhun wake kuwa yana ɗakinmu.

Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar Isra'ila waɗanda suke ɗokin Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har su haɗa da sharar alkama su sayar wa matalauta. Waɗannan mutane ba su fasa kiyaye ranar sujada ba. Laifinsu yana cikin mudun. Yau kuma akwai wanda zai zuba fiya-fiya cikin wake don kada ƙwari su huda shi, ya kai kasuwa, ya ware wani buhu dabam domin iyalinsa. Wannan warewa ta nuna ya san abin da ya yi. Gubar da ke cikin fiya-fiya, sunanta dichlorvos, ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, bayan an yi ta samun ta fiye da kima. Turawa suna da na'urar gwaji a bakin iyakarsu. Matar da ke sayen mudu biyu ta yi ƙosai ta biya kuɗin makarantar yara ba ta da kome sai amanar mai sayarwa. Mai yiwuwa ma benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Shin za mu kawo zakka daga kuɗin wannan wake, mu ce Ubangiji ya karɓa?

Akwai hanyar da ba ta bukatar guba. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike a arewacin Kamaru, yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhu na uku a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ɗaya dabam. Ƙwarin da ke ciki iska takan ƙare musu su mutu. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam, shi ma haka yake aiki, in an cika shi. In leda ta huje, aikin ya ɓaci, saboda haka a nisanta shi da ɓera. Zumuntar mata za ta iya haɗa kuɗi ta sayo da yawa a raba.

Ga masu feshi kuwa: kada a yi da tsakar rana ko cikin iska mai ƙarfi, kada a ci goro ko a sha ruwa ana cikin aiki, kada a aiki yaro. A jikin kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir ko kabeji. Wanda bai iya Turanci ba ya kai wa malamin gona ko mai bishara ya karanta masa. Ba a wanke tankin feshi a rafi, gama na ƙasa da mu suna sha. Kwalbar da ta ƙare ba ta zama ta manja ko ta kunu, kome yawan wanki.

In kuwa wani ya sha, da kuskure ko da gangan, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A cire masa rigar da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san da abin da yake fama.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Ku karanta kafin lokacin.