In Mota Ta Mutu A Hanya

Yau za mu yi magana a kan mota, yadda za mu nemi ciwonta in ta mutu a hanya.

Kada wani ya ce shi ba direba ba ne, ba ruwansa. Da ruwan kowa. Tumatirin da muka noma a Watari mota ke kai shi 'Yan Kaba. Geronmu da wakenmu mota ke kai su Dawanau. In haihuwa ta zo da gardama cikin dare, mota ke kai mace asibitin Bichi ko na Dambatta. In ta tsaya wuni guda a rana, kwandon tumatir ya zama ruwa, wahalar wata uku ta tafi a banza.

To, motar da da ta yanzu ba ɗaya ba ne. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da kabureta take aiki. Makaniki ya buɗe, ya hura, ya ɗaure, ta tashi. Amma yawancin motocin yanzu suna da wani ɗan akwati da ake kira birenbos, watau ƙwaƙwalwar mota. Shi ke ba da umarni a saki mai, a ba da wuta. Shi kuwa ba ya gani, sai abin da 'yan aikensa suka gaya masa. Waɗannan 'yan aike su ne sensa.

Babbansu shi ne sensan karanshaf. Aikinsa ya sanar da birenbos cewa injin yana juyawa. In ya yi shiru, birenbos zai hana wuta ya hana mai, ko da tanki cike yake.

Amma kada mu yi gaggawar ɗora masa laifi. Mu fara da abu mai sauƙi, mu bi daki-daki.

Da fari, a tura motar gefen hanya, a ja birkin hannu, a sa dutse bayan taya, a jera ganye nesa kaɗan don masu zuwa su gani.

Na biyu, batir. A murɗa makulli. In injin bai juya ba, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, a duba kan batir, ko ya yi sako-sako, ko ya yi farar ƙura. A kankare, a ɗaure.

Na uku, mai. A kunna makulli ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen tanki. A kan ji famfon mai ya yi ɗan gurnani kamar daƙiƙa 2. In ba a ji ba, a duba fiyus. A kuma tuna inda aka sha mai, don gurɓataccen mai ma yakan kashe mota.

Na huɗu, in batir lafiya, mai yana zuwa, injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa, sa'an nan ne za mu waiwayi sensa. Yana da alamu biyu sanannu. Ɗaya, mota ta mutu in ta yi zafi, in ta huce ta tashi, ta yi tafiya kaɗan ta sake mutuwa. Ɗayar kuwa, allurar da ke nuna gudun injin ba ta ko motsi sa'ad da ake ƙoƙarin tayarwa.

Akwai kuma na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, ta karanto ciwon motar da lamba. Amurka ta wajabta wannan tsari tun 1996, Turai kuwa tun 2001 ga motocin fetur. In ta nuna P0335, hanyar sensan karanshaf take nufi. Mu lura, hanya muka ce. Sau da yawa sensan lafiya lau yake, waya ce ta ƙone a jikin injin, ko ɓera ya ci ta, tun ba motar da ke kwana kusa da rumbu ba.

In ya zama dole a cire shi, ga yadda ake yi. A bar injin ya huce. A kwance kan batir mai alamar ɗebewa. A nemi sensan, ko dai a gaba kusa da fuli na ƙasa, ko a baya inda injin ya haɗu da giya. A danna ɗan harshen soket a zare, kada a ja waya. Galibi noti ɗaya ke riƙe da shi, kuma sau da yawa sifana mai lamba 10 ke kwance shi. A murɗa shi a hankali, a zaro. In aka sa masa ƙarfi ya karye a ciki, aikin rabin sa'a ya zama na kwana biyu. In sai an shiga ƙarƙashin mota, kada a dogara da jak kaɗai, a tokare da kututture mai ƙwari.

A duba bakinsa. Yawancinsu suna da mayen ƙarfe, saboda haka garin ƙarfe kan taru a kai. A goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a gwada. In bai yi ba, a kwafi lambar da ke jikinsa a takarda, a tafi da shi Ƙofar Ruwa, a gwama da wanda za a saya. Biyu sukan yi kama da juna amma aikinsu ya bambanta. Wanda ya iya karanta lamba ba ya zuwa birni sau biyu.

Abu ɗaya muke roƙo a daina. In fitilar injin ta kama a gaban direba, waɗansu sai su sa a cire ƙwan, su ce sun huta. Wannan kamar a rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Ciwon yana nan, ran da zai kā da motar kuwa ba zai yi shawara da kowa ba.

Wanda ya ji wannan ya gaya wa direban garinsu. In an gama gyara kuma, a kwashe dutse da ganye daga kan titi, kada su zama sanadin wani. Allah ya kiyaye hanya, amin.