Yadi Biyu Daga Kantin Kwari

Shugabannin reshe, 'yan'uwa malamai, iyayen yara.

Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce karatun firamare kyauta ne kuma dole, Jihar Kano ma ta ƙaddamar da nata shirin a 2019. Mun yaba. Sai dai mu da muke kiran suna kowace safiya a makarantun Kwaciri mun san doka ba ta ɗinka riga. Yaron da rigarsa ta yage yakan kwana uku a gida saboda kunya. Yarinyar da ta rasa kuɗin tara kuwa, ba a jimawa sai mu gan ta da farantin talla a bakin kasuwar Sabon Gari. Da wuya ta dawo.

Ga Kantin Kwari nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Fagge, ana sauke yadi dila-dila, alhali yadi biyu ya ishi ɗan aji ɗaya. Roƙonmu ga 'yan kasuwa shi ne su tuna da ɗalibanmu wajen zakka da sadaka, teloli kuma su sassauta kuɗin ɗinki.

Amma da sharaɗi. Kada a jera yara a filin makaranta ana ɗaukar hotonsu da kyauta a hannu. Mun ga wanda aka yi wa haka. Har zango ya ƙare abokansa na kiransa ɗan sadaka. Malamin aji ya rubuta sunaye, kwamitin makaranta ya tantance, a kai kayan gida bayan Magariba a damƙa wa uwa. Ranar Litinin yaro ya shigo aji kamar kowa.