Tsohon Jirginmu Na Faiba: A Gyara Ko A Sayar?

Shugaban taro, iyayenmu, 'yan uwa 'yan ƙasar Yawuri mazauna birane.

Batun da ke gabanmu shi ne tsohon jirgin ƙungiya da ke kife a bakin Kwara. Wasunmu sun ce a gyara shi, domin da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da ke cikin bayan jirgi, inda ake ɗaura inji, yakan sha ruwa ya ruɓe a ɓoye, fenti kuwa ya rufe aibin. Ga shi inji sau da yawa ya fi gangar jirgin tsada.

Ba mu manta da hatsarin Wara na shekarar 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Iyayenmu da 'ya'yanmu ne za su shiga wannan jirgi.

Shawararmu ita ce ƙwararre ya duba shi kafin a taɓa asusu. In gangarsa lafiya take, mu gyara, mu sayi rigunan ruwa. In ta lalace, mu sayar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya tsare mu. Wassalam.