Manhajar Tace Fim a Hannun 'Yan Jari



Matashin da ke zaune a ɗan shagonsa a Ƙofar Mazugal, janareto na ruri, yana tace bidiyon biki ko yana haɗa siddabarun fim, da wuya ya san su waye masu manhajojin wannan sana'a. Ku duba kamfanin Foundry na Landan, mai manhajar Nuke. Kamfanin zuba jari na Carlyle ya saye shi a 2011, takwaransa HgCapital ya karɓa a 2015 kan fam miliyan 200, ya sayar wa kamfanin Roper a 2019 kan fam miliyan 410. Avid ma, wani kamfanin manhajar tace fim, kamfanin zuba jari na STG ya saye shi a 2023.

Masu irin wannan jari saye suke don su sayar, kamar mai turke rago yana jiran babbar sallah, kuma ribar daga aljihun mai biyan lasisi take fitowa. Da kuɗin waje ake biya, kun kuwa san halin da naira ta shiga tun 2023.

Don haka nake roƙon ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da masu koyar da sana'a a Kano su dage wajen koya wa yaranmu manhajar Blender. Kyauta ce, kuma babu attajirin da zai iya kulle ta.